Moodle Ko Wata: Abin Da Ya Kamata A Duba Kafin A Zaɓi Manhajar Koyarwa Ta Intanet

Duk makaranta ko malamin da ya yanke shawarar mayar da darussansa kan intanet zai tarar da cewa aikawa da takardu da bidiyo ta WhatsApp ba ya ɗorewa da zarar ɗalibai sun yi yawa, domin babu inda ake tattara aikin gida, babu rajistar maki, kuma ba a sanin wanda ya karanta da wanda bai ko buɗe ba. A nan ne ake buƙatar manhajar gudanar da karatu, wato shafi guda da malami zai jera darussa mako-mako, ya karɓi ayyukan ɗalibai, ya shirya jarrabawa, ya kuma ajiye sakamako. Daga cikin irin waɗannan manhajoji akwai buɗaɗɗu, waɗanda masu su suka saki rubutun da aka gina su da shi ga kowa, ana sauke su a girka ba tare da biyan kuɗin lasisi ba, kuma a kansu wannan bayani zai tsaya. Gara in faɗa tun da wuri cewa ni Moodle na fi so, don mai karatu ya san ta inda zai auna maganata.

Wani ɗan ƙasar Ostiraliya mai suna Martin Dougiamas ne ya ƙirƙiri Moodle, ya fitar da zubin farko a watan Agusta na 2002, kuma har yau hedikwatar kamfanin da ke jagorantar aikin tana birnin Perth. An rubuta ta da harshen PHP, tana aiki da rumbunan bayanai irin su MariaDB da MySQL da PostgreSQL, waɗanda kusan duk kamfanin da ke ba da hayar sabar, wato kwamfutar da ke riƙe shafi a intanet, ya san su, saboda haka samun wanda zai kula da ita ba ya wahala kamar na wasu. Lasisinta na GPL ne, wanda ya ba kowa damar amfani da ita da gyara ta. Tun a 2005 babbar jami'ar nan ta Birtaniya mai karatu daga nesa, Open University, ta zaɓe ta, kuma ta zuba aiki mai yawa wajen inganta sashen jarrabawa.

Sashen jarrabawar nan shi ne dalilina na farko. Malami yana tara tambayoyinsa a rumbu guda, ya kasa su gida-gida bisa darasi ko bisa wahala, sannan ya umarci manhajar ta ɗebo wa kowane ɗalibi, misali, tambaya 20 daga cikin 100, ta kuma juya jerin amsoshin, ta yadda mutum biyu da ke zaune kafaɗa da kafaɗa ba za su ga abu ɗaya ba. Ana sa lokacin buɗewa da na rufewa, ana ƙayyade sau nawa ɗalibi zai gwada, ana iya ƙara wa mai larura lokaci shi kaɗai ba tare da an taɓa na sauran ba. Wanda ke da tsofaffin tambayoyi a rubuce ba sai ya shigar da su ɗaya bayan ɗaya ba, domin akwai tsarin rubutu mai sauƙi da ake kira Aiken, da wani mai suna GIFT, waɗanda ake loda ɗaruruwan tambayoyi da su a lokaci guda. Bayan an gama jarrabawa manhajar tana nuna wace tambaya ce kusan kowa ya ci, wacce ce kuma har ɗalibai masu ƙwazo suka faɗi, abin da sau da yawa ke nuna cewa laifin na tambayar ne. Malamin da ya taɓa kwana yana duba takardu da jan biro zai fi kowa gane darajar wannan.

Dalili na biyu shi ne manhajar waya. Ɗalibi yana iya sauke darussa lokacin da ya sami intanet mai kyau, ya karanta su daga baya ba tare da data ba, ya rubuta aikinsa, manhajar ta aika idan layi ya dawo. Har gwaji ma ana iya yi a haka idan malami ya ba da izini, muddin bai sa masa ƙayyadadden lokaci ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ajin da yawancin ɗalibansa da waya suke karatu, kuma ina ganin duk wanda ke kwatanta manhajoji ya kamata ya gwada su a kan waya mai sauƙin kuɗi da layi mai rauni kafin ya gwada a kwamfutar ofis.

Moodle tana da nata aibu, kuma ba zan ɓoye shi ba. Saituna sun yi mata yawa, har sabon malami ya buɗe shafin shirya aikin gida ya rasa ta inda zai fara, rajistar makinta kuma tana buƙatar a zauna a koye ta a tsanake. An daɗe ana yi mata gorin rashin kyan gani, kodayake zubi na 4.0 da ya fito a Afrilun 2022 ya gyara fuskarta sosai, ya kuma shigo da BigBlueButton a cikinta don darasin kai-tsaye, sai dai shi wannan yana bukatar tasa sabar daban idan za a yi amfani da shi da gaske. Amma wahalar koyo ta 'yan makonni ce, kuma ana rage ta idan aka shirya wa malamai samfurin darasi guda da kowa zai kwafa.

Abokiyar hamayyar da aka fi ambata ita ce Canvas, ta kamfanin Instructure da ke jihar Utah a Amurka, wadda aka saki rubutunta a 2011. Ta fi Moodle kyan gani da sauƙin sarrafawa, kuma wurin duba ayyukan ɗalibai a cikinta yana da daɗi. Sai dai yawancin jami'o'in da ke yabon ta suna biyan kamfanin ne ya riƙe musu komai, wanda kuwa ya ce zai girka da kansa zai tarar da aiki mai nauyi na Ruby on Rails, tsarin da aka gina ta da shi, ya kuma tarar cewa wasu sassa, ciki har da sabon tsarin jarrabawarsu, ba sa cikin abin da aka saki. Open edX, wadda ta samo asali daga haɗin gwiwar Harvard da MIT a 2012 aka kuma buɗe ta a 2013, an gina ta ne don kwasa-kwasan da dubban mutane ke bi su kalli bidiyo su wuce, kuma ta fi ƙarfin makarantar da ba ta da ma'aikatan fasaha na dindindin. Chamilo, da ta ɓalle daga wata manhaja mai suna Dokeos a 2010, tana da sauƙi da rashin nauyi, ita kaɗai ce zan yarda a gwada tare da Moodle, amma yawancin masu amfani da ita da taimakon da ake samu a harsunan Sifaniyanci da Faransanci suke. Sakai ta jami'o'in Amurka ce da aka rubuta da Java, masu barinta sun fi masu shigarta, ILIAS kuma ta fi ƙarfi a ƙasashen da ke jin Jamusanci. Google Classroom, da mutane ke yawan sakowa cikin wannan jeri, ba a biya amma ba buɗaɗɗiya ba ce, bayananka suna hannun wani, saboda haka ba ta cikin lissafin.

Yanzu sai abin da ya fi zaɓen sunan manhaja muhimmanci. Buɗaɗɗiyar manhaja kamar fili ce da aka ba ka kyauta, gini da gadi duk naka ne. Dole a sami sabar, a sami mai sabunta manhajar, a sami mai ɗaukar kwafin ajiya, kuma a nan ne 'yan damfara da masu ƙaramin sani suke cin kasuwarsu. Na taɓa koyarwa a inda aka ba wani ɗan kwangila aikin girkawa, ya ɗora shafin a gurbin haya mai arha da ake rabawa da ɗaruruwan shafuka, komai yana tafiya lafiya har ranar da dukan aji suka danna fara jarrabawa a minti ɗaya, shafin ya tsaya cak. Da aka nemi a ɗauke bayanan a koma wani wuri, sai aka gano cewa kalmar sirrin babban mai kula da shafin tana hannunsa shi kaɗai, sunan shafin ma, wato adireshinsa na intanet, da sunansa ya yi rajista, kwafin ajiyar da yake cewa yana ɗauka kuma babu wanda ya taɓa gani. Tun daga nan tambayata ta farko game da kowace manhaja ita ce yadda ake fita daga cikinta da kayan mutum, kuma Moodle ta ci wannan jarrabawar, domin kowane darasi ana iya dunƙule shi cikin fayil guda mai ƙarshen .mbz, da tambayoyinsa da ayyukan ɗalibai da makinsu, a buɗe shi a wata Moodle a ko'ina.

Saboda haka kafin a biya kowa sisi, a rubuta a yarjejeniya cewa sunan shafin da asusun sabar na makaranta ne, kuma akalla ma'aikatan makarantar biyu suna da cikakken ikon shiga a matsayin masu kula. A tambayi ɗan kwangila mutum nawa sabar za ta ɗauka a lokaci guda suna jarrabawa, domin adadin masu rajista ba shi ne ma'auni ba. Shafin da ke ɗauke da sunaye 5,000 yana iya durƙushewa idan 200 suka shiga gwaji tare. Kada a yarda da amsar baki. A tara ɗalibai a yi gwajin wasa kafin ranar gaske. Game da kwafin ajiya kuma, abu uku ne ake ɗauka, wato rumbun bayanai, da jakar moodledata inda fayilolin malamai da ɗalibai suke, da manhajar kanta, kuma a ajiye su a wani wuri da ba kan sabar ɗin ba. A sa shi ya mayar da kwafi guda a gaban idon ma'aikata, domin kwafin da ba a taɓa gwada buɗewa ba babu tabbacin yana aiki.

Akwai kuma masu sauke Moodle kyauta, su canza mata launi da tambari, su ba ta wani suna, su sayar wa makaranta a matsayin manhajar da suka ƙera, har da kuɗin lasisi na shekara-shekara a kan kowane ɗalibi. Karɓar kuɗin girkawa da kulawa halal ne, lasisin ma bai hana ba, amma ɓoye asalin kayan don a ɗaure mai saye yaudara ce. Gane su ba wuya: adireshin da ke saman burauza yakan nuna kalmomi irin su course/view.php ko mod/quiz, waɗanda na Moodle ne. Wasu kuma suna iƙirarin cewa su abokan hulɗar Moodle ne masu takardar shaida, alhali jerin kamfanonin da aka amince da su yana nan a shafin moodle.com, dubawa ba ta ɗaukar minti biyar.

Mafi haɗari a ganina su ne masu girka tsohon zubi da kayan ƙari na sata, wato ƙananan manhajojin da ake ɗora wa Moodle don ƙara mata aiki. Moodle tana fitar da sabon zubi kusan kowane wata shida, zubi na yau da kullum ana toshe masa kafofin tsaro na wata 18, masu dogon zango kuwa, irin 4.1 na Nuwamban 2022 da 4.5 na Oktoban 2024, ana kula da su shekara uku. Wanda ya girka maka zubin da wa'adinsa ya ƙare ya bar maka ƙofofin da aka riga aka wallafa yadda ake shiga ta cikinsu, kuma abin da ke ciki sunayen ɗalibai ne da makinsu da tambayoyin jarrabawa. Lambar zubin tana bayyana a sashen kula da shafi, a nemi a gani da ido. Haka nan fasalin adon shafi na kuɗi da aka sata ake rabawa kyauta a wasu shafuka, sau da yawa ana cusa masa ɓoyayyen rubutu da ke ba wani damar shiga ko mayar da shafin makaranta wurin tallan caca. Kayan ƙari a ɗauko su daga rumbun moodle.org, a duba cewa sun dace da zubin da ake kai da kuma yaushe aka sabunta su, kuma a taƙaita su, domin kowane ɗaya da aka ƙara yana iya zama abin da zai hana sabuntawa nan gaba. Wata alamar aikin ganganci ita ce rashin saita cron, ɗan aikin da ya kamata ya riƙa gudana a bayan fage kowane minti. Idan ba ya tafiya, saƙonni ba sa fita, kwafin da aka tsara ba ya ɗaukuwa, kuma shafin da kansa yana nuna wa mai kula gargaɗi a kai.

Malami ɗaya ko ƙaramar cibiya da ba ta da mai kula da sabar ba sai ta shiga wannan ɗawainiya ba, tana iya hayar MoodleCloud, inda kamfanin Moodle da kansa yake riƙe shafin yana sabunta shi, da sharaɗin cewa adadin masu amfani da girman ajiya ƙayyadaddu ne, kuma ba a girka kayan ƙari yadda aka ga dama. Makarantar da ɗalibanta suka kai dubbai kuwa ta ɗauki zubi mai dogon zango, ta kama sabar da ba a raba ta da kowa, ta fara da darasi biyu ko uku na zango guda tare da malaman da ke da sha'awa, sannan ta buɗe wa sauran bayan an yi jarrabawa guda a kai an ga yadda sabar ta ɗauka.