Mako tara ana zuwa gida ana yi mini wankin ciwo: abin da na gani

Shekara shida na yi ina fama da maruru a hammatar hagu, kuma duk wadda ta taɓa samun irinsa ta san yadda yake zuwa: kumburi ya fara kamar ƙwayar wake, ya yi tauri, ya hana ɗaga hannu, sannan bayan kwana biyar ko shida ya fashe da mugunya, a samu sauƙin wata biyu ko uku, sai wani ya taso kusa da tabon na baya. Na yi gashi da ruwan ɗumi, na sha jan kafso na kemis ba adadi, sau ɗaya ma har wanzami ya yi mini sakiya. A ƙarshe likitan tiyata ya ce ramukan sun haɗe ta ƙarƙashin fata, don haka sai an yanke wurin gaba ɗaya. Aka yi aikin, aka bar ciwon a buɗe ba ɗinki, aka ce zai cike da kansa daga ƙasa, amma sai an riƙa wanke shi a kai a kai. A nan ne na fara hulɗa da wata ƙaramar ƙungiyar ma'aikatan jinya a nan Kano, su uku, mata biyu da namiji ɗaya, waɗanda ke bin gidaje suna wankin ciwo, kuma a kan aikinsu nake son yin magana.

Dalilin da ya sa na neme su shi ne wahalar hanya. A makon farko kullum sai na shiga Adaidaita Sahu zuwa asibiti, hannuna a sagale, kowane rami a titi sai na ji shi har cikin ƙashi, sannan in zauna a layi cikin zafin Afrilu gumi yana jiƙa bandejin tun kafin a kira ni. Wata abokiyar aikina ce ta ba ni lambarsu. Ana yin magana da su ta WhatsApp, a faɗi irin aikin da aka yi da ranar da aka yi shi, su kuma su nemi hoton takardar sallama daga asibiti kafin su amsa. Da na tambayi shaidar aiki, wadda aka turo mini ta nuna lasisinta na Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya ba tare da ta ji haushi ba, kuma ina ba duk mai niyyar kiran wani gida shawarar ya yi wannan tambaya, domin masu riƙe da almakashi da auduga suna da yawa a gari, ba kuwa dukansu ne suka koyi aikin ba.

Zuwanta na farko shi ya kwantar mini da hankali. Ta nemi ruwa da sabulu ta wanke hannu tun kafin ta buɗe jakarta, ta shimfiɗa leda mai tsabta, ta fito da hantsaki da almakashi a cikin ƙunshin da aka rufe bayan an tafasa su a na'ura, ta yage shi a gabana. Tsohon bandejin ya manne da nama, kuma ba ta fizge shi ba. Ta jiƙa shi da ruwan gishirin asibiti, irin wanda ake ƙarin ruwa da shi, mai gishiri giram 9 a kowace lita, ta jira ya saki da kansa. Daga nan ta auna tsawon ciwon da faɗinsa da zurfinsa, ta rubuta a wani ɗan littafi, ta ɗauki hoto bayan ta nemi izinina. Wannan awo da take maimaitawa duk mako ya yi mini amfani fiye da yadda na zata, saboda wanda ke kallon ciwonsa kullum ba ya ganin yana raguwa, sai lambobi sun nuna masa.

Inda aka yi ja-in-ja shi ne batun rufe ciwon. Goggona, wadda ta zo jinya, ta tsaya a kan cewa a bar miki ya sha iska ya bushe, a zuba masa sifirit ko ruwan nan mai kumfa, a barbaɗa garin kafso a kai, kamar yadda aka saba. Sista ta saurare ta har ta gama, sannan ta ce mata: "Goggo, ruwan da ke kumfa yana kashe ƙwayar cuta, amma yana kashe jaririn naman da ke tofowa tare da ita. Ciwon nan danshi yake so, ba bushewa ba." Ta nuna mata jan naman da ya fara fitowa a ƙasan ramin kamar ƙananan duwatsun wuya, ta ce wannan shi ake reno. Daga baya na karanta cewa wannan fahimta ta samo asali ne tun 1962, lokacin da wani masani a Ingila mai suna George Winter ya nuna cewa raunin da aka rufe ya riƙe danshinsa ya fi saurin yin sabuwar fata a kan wanda aka bari ya yi ɓawo. Abin da ya burge ni shi ne ba ta raina tsohuwar ba, kuma a mako na uku Goggo da kanta take hana yara taɓa kayan wankin.

A makonnin farko ciwon yana zubar da ruwa sosai, har yakan ɓata riga kafin la'asar, sai ta kawo wani abin cusawa mai kama da auduga da ake kira aljinet, wanda ake yi daga ciyawar teku. Yana shanye ruwan ya koma kamar kamu mai kauri, kuma yana fita ba tare da ya ja nama ba. Da shi ne wankin ya koma bayan kwana bibbiyu maimakon kullum. Amma yana da tsada ƙwarai, ba kowane kemis ke da shi ba, kuma sau biyu ya yanke musu muka koma ga bandeji na gama-gari da aka jiƙa da ruwan gishiri. Na tambaye ta game da zuma, tun da dukanmu mun san abin da aya ta 69 ta Suratun Nahli ta faɗa a kan warakar da ke cikinta. Ta ce ana amfani da ita a asibitoci, tana kuma taimakawa wajen tsabtace ciwo, amma wadda aka tace aka kashe ƙwayoyin cutar cikinta, ba wadda ake sayarwa a galan a bakin titi ba, wadda sau da yawa an gauraya ta da sukari. Ni dai ba a sa mini ita ba, domin ciwon bai nuna alamar buƙata ba.

Abin da ya fi kome daraja a wurina ya zo ne a mako na biyu, lokacin da ta tambaye ni abin da ba wanda ya taɓa tambayata cikin shekara shida: me ya sa yake dawowa? Ta ce mai maruru da ke maimaituwa ya kamata a fara auna masa sukari, saboda ciwon sukari yana jawo ƙuraje yana kuma jinkirta warkewa. Ta auna ni da safe kafin in karya, ya fito ƙasa da 126, wato iyakar da daga ita ake zargin cutar. Ta yi mini bayanin ƙwayar cutar da ake kira sitaf, wadda masu tallan magani da lasifika suka mayar dodo, ta ce kusan kashi ɗaya cikin uku na mutane suna ɗauke da ita a hanci ba tare da ta yi musu kome ba, ko da yake a wasu takan jawo maruru. Sannan ta ce yadda nawa yake tsayawa a hammata kaɗai, da ramuka da tabo, ya fi kama da wata cuta dabam mai suna hidiradenaitis, kuma ta matsa mini in je wurin likitan fata. Likitan ya tabbatar da haka. Ya ce toshewar ramin gashi ce ke haddasa ta a wuraren da fata ke gugar juna, kamar hammata da matsematsi da ƙarƙashin nono, ba ƙazanta ba ce, ba a kuma ɗaukarta daga wani, sai dai shan taba da ƙiba suna tsananta ta, kuma takan bi dangi. Na yi kuka a ranar, domin na daɗe ina zargin kaina da rashin tsabta ina goge wurin har yana jini.

Da sauran gyara a aikinsu, kuma ba ƙarami ba. Na farko, ba sa kiyaye lokaci. An sha ce mini ƙarfe tara na safe a zo bayan azahar, alhali na sha maganin rage zafi rabin awa kafin lokacin kamar yadda suka umarta, ya zama ya sake ni kafin a fara. Sau ɗaya kuma, da Sista ta yi tafiya, sai suka turo abokin aikinsu namiji ba tare da sun sanar da ni ba, ga shi ciwon a wurin da dole sai an cire riga. Na mayar da shi daga ƙofa, ya ba da haƙuri cikin ladabi, amma wankin ranar ya wuce ni. Mace da ta zaɓi a zo mata gida, sau da yawa kunya na cikin dalilanta, kuma ya kamata su san haka. Game da kuɗi, ladan zuwa ɗaya ya ɗara abin da nake kashewa a kuɗin mota da katin asibiti idan aka haɗa, kayan wanki kuma daban ake biya, ba su kuma faɗa mini jimillar da zan iya kashewa tun farko ba, sai da na nema.

Duk da haka, akwai ranar da ta sa na yafe musu jinkirin. A mako na biyar na tashi da zazzaɓi, gefen ciwon ya yi ja ya yi zafi, ruwan ya canza wari. Na roƙe ta ta rubuta mini magani in huta da zuwa asibiti, ta ce: "Malama, wannan ba hurumina ba ne, yau ɗin nan za ki ga likitan da ya yi miki aiki." Ta rubuta abin da ta gani da awon makonnin baya a takarda ta ba ni in kai masa. An ɗebi ruwan ciwon aka kai ɗakin gwaji, aka ba ni maganin da ya dace da ƙwayar da aka samu, cikin kwana huɗu abin ya lafa. Ta yi asarar kuɗin zuwan ranar, domin ba ta karɓa ba.

Ƙananan abubuwa ma ta kula da su. Ta koya mini yadda zan rufe bandejin da leda lokacin wanka, malamin unguwarmu kuma ya tabbatar mini cewa shafa a kan bandeji ya wadatar a wankan tsarki idan ruwa zai cutar. Ta rushe maganar da ake yi cewa ƙwai da gyaɗa suna sa ciwo ya yi ruwa, ta ce jiki da su yake gina sabon nama, ta sa na yawaita wake da kifi da lemu. Ta hana ni aske wurin da reza da sa turaren hammata, ta kuma sa ni ɗaga hannu a jikin bango sau da yawa a rana don kada tabon ya ɗaure kafaɗa.

Ciwon ya rufe a mako na tara. Tabon yana da faɗi kuma har yanzu yana ƙaiƙayi idan an yi zafi, amma ina iya rubutu a saman allo ba tare da na ji ya ja ni ba. Wanda aka yi wa aiki aka bar masa ciwo a buɗe, kuma yake da halin biya, zan ce ya kira irin waɗannan ma'aikata, da sharaɗin ya ga lasisi, ya ƙayyade tun farko ko mace yake so ko namiji, ya kuma ci gaba da komawa wurin likitansa a ranakun da aka sa masa. Watan jiya wani ɗan kumburi ya taso mini a hammatar dama. Na fara gashi da ruwan ɗumi a ranar, washegari na je wurin likitan fata, ya kuma sauka bai fashe ba.