Mai tura ƙa'idojin furoksi zuwa fayawol: FortiManager, Ansible, Terraform ko Squid, wanne ya dace da ma'aikatarku?

Ma'aikatar da ke da babban ofis a Maraɗi da rassa a Tasawa, Dakwaro da Madarunfa, kowane reshe da fayawol ɗinsa (na'urar da ke tsaron ƙofar intanet ɗin ofis), ba ta daɗewa kafin ƙa'idojin na'urorin su sha bamban. Yau an buɗe wa akanta shafin banki a wannan reshe, gobe an toshe YouTube a wancan, bayan wata shida babu mai iya rantsuwa cewa abin da ke Tasawa shi ne ke Dakwaro. Mafita ita ce a rubuta ƙa'idojin wuri guda, manhaja ta riƙa kai su kowace na'ura. Zaɓen manhajar kuwa ya fi rataya a kan wanda zai riƙe aikin da yawan na'urorin, ba a kan sunan kamfani ba.

Kafin a zo maganar manhaja, a duba akwatin kansa. Tun daga siga 7.4.4 ta FortiOS, manhajar da ke tafiyar da fayawol ɗin FortiGate, kamfanin Fortinet ya cire ayyukan furoksi (mai tsayawa tsakanin kwamfutoci da intanet don tace shafuka) daga ƙananan FortiGate masu ƙwaƙwalwa 2 GB, cikinsu har da 40F, 60E da 60F. Su ne kuwa masu sauƙin kuɗi, su ake yawan tallata wa ƙananan ofisoshi. Wanda ya sayi 60F don furoksi yana tsakanin abu biyu: ko ya zauna a tsohon tsari, ko ya sabunta furoksin ya ɓace. Idan furoksi ne dalilin sayen, a nemi mai 4 GB zuwa sama, irin 70F ko 80F. Kada a tsaya ga takardar kwali. A sa mai sayarwa ya kunna ta, a buga get hardware status, a ga adadin da ido. In kuma ta hannu ce, daga Kano ko Yamai, tambayar farko ita ce: "Alhaji, da sunan wa aka yi mata rajista?" Na'urar da ke maƙale a asusun wani ba za ka sabunta lasisinta a naka ba sai an yi canjin mallaka, kuma ba lasisi babu tace shafuka bisa rukuni na FortiGuard.

Kowace hanya aka bi, abin da ake turawa ɗaya ne. Ƙa'idar furoksi a FortiGate tana zaune a ƙarƙashin config firewall proxy-policy. Tana da lambarta, da nau'inta, da ƙofar da zirga-zirgar za ta fita, da adireshin masu nema, da inda suke son zuwa, da lokacin aiki, sannan hukunci: a bari ko a hana. Nau'in da aka fi amfani da shi a ofis shi ne explicit-web, wanda kwamfutoci ke nufar tashar 8080 kai tsaye, hidimarsa kuma webproxy. Abu biyu ke kayar da masu sabon shiga. Na farko, na'urar tana karanta ƙa'idoji daga sama zuwa ƙasa ta tsaya a ta farko da ta dace. Lambar ƙa'ida suna ne kawai, ba matsayi ba, sabuwa kuma can ƙasa take sauka. Ka tura "a hana" ta sauka ƙarƙashin "a bar kowa", tana nan a rubuce amma ba ta taɓa aiki. Na biyu, ƙa'ida ba ta karɓuwa sai adireshi da rukunin ma'aikata da matacin da ta ambata sun riga ta shiga. Wajen gogewa kuma a juye ake bi: ƙa'ida tukuna, sannan adireshi.

Ansible ita ce zan fara nuna wa mai na'ura uku zuwa goma. Kyauta ce, ba a sanya komai a cikin fayawol, tsohuwar kwamfuta mai Linux ta isa. Ana ɗauko tarin fortinet.fortios, a ciki akwai fortios_firewall_proxy_policy, tana magana da na'urar ta HTTPS, rufaffiyar hanyar sadarwa ta intanet. A fayawol ɗin sai a buɗe asusun API na musamman, wato asusun da manhaja ke shiga da shi ba mutum ba, a ba shi izinin taɓa ƙa'idoji da adireshi kawai, a ƙayyade adireshin kwamfutar da aka yarda ta shigo da shi. Makullin da na'urar za ta bayar sau ɗaya take nuna shi. A ɓoye shi da ansible-vault, kada ya kwana tsirara a cikin fayil, balle a tura shi ta WhatsApp. Ƙa'idojin ana rubuta su a fayil ɗin rubutu mai tsarin YAML, a ajiye a Git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin fayiloli, ta yadda duk canji yana da suna da rana da dalili.

Abin da ya sa Ansible ta dace da nan shi ne halinta idan rezo ya yanke. Ka tura ƙa'idoji ashirin zuwa Dakwaro, layi ya katse a ta goma sha biyu, sai ka sake tura fayil ɗin gaba ɗaya. Waɗanda suka shiga ba za su ninku ba tunda kowace na da lambarta, sauran su cika. Sai dai tsakanin katsewar da maimaicin na'urar tana zaune da rabin aiki, shi ya sa ake fara tura masu hani kafin masu buɗewa. Rauninta babba kuma shi ne abin da ba a gaya mata ba, ba ta gani. Wani ya shiga da hannu ya ƙara ƙa'ida mai lamba 99 don maigida ya kalli ƙwallo, Ansible za ta gama aikinta ta ce komai lafiya. Sai an rubuta wani aiki daban da zai ɗauko jerin da ke kan na'urar, ta hanyar /api/v2/cmdb/firewall/proxy-policy, ya gwada da na fayil, ya fito da baƙin. Jeren sama da ƙasa ma sai an kula da shi da umarnin matsarwa, kwatankwacin move 5 before 2. A kuma daidaita sigar tarin da sigar FortiOS, domin wani filin yana canja suna ko ya ɓace bayan sabuntawa, fayil ɗin jiya ya ƙi tafiya yau.

Kuɗin Ansible na gaskiya mutum ne. In injiniya ɗaya ne ya iya ta, ranar da ya samu aiki a Yamai ma'aikata ta koma aikin hannu. Kafin a zaɓe ta a tabbata mutum biyu na iya karanta fayilolin su tura.

Terraform tana da abin da Ansible ba ta kai ta ba: terraform plan yana nuna abin da za a ƙara, a canja, ko a goge kafin a taɓa komai, kuma tana gane an lalata ƙa'idar da ke hannunta. Amma tana dogara da fayil ɗin da take ajiye lissafin abin da ta gina. Ya ɓace, ko mutum biyu suka riƙe kwafi daban-daban, an shiga ruɗani. Ga shi sirrika na iya zama a fili a cikinsa. A 2023 HashiCorp ta canja lasisinta, abin da ya haifar da OpenTofu, reshenta mai buɗaɗɗen lasisi. Ga ma'aikatar da ba ta riga tana amfani da ita a wani aikin ba, ban ga dalilin ɗauko ta don fayawol huɗu ba.

FortiManager kuwa saye ake yi, ko akwati ko manhajar da ke zama a saba (server), lasisinta bisa yawan na'urori. Abin da kuɗin ke sayo maka allo ne da ma'aikaci zai iya koya ba tare da rubuta fayil ba, da kundin ƙa'idoji ɗaya da ake ɗora wa rassa da yawa, da tarihin kowane canji da damar komawa baya, da alamar da ke tashi in an taɓa na'ura ta bayan fage. Matsalar jere ba ta taso ba, tunda kundin dungurungum ake kaiwa. Ƙarfin nata shi ne hatsarinta: turawa ta farko tana iya share ƙa'idoji da adireshin da ba su cikin kundin, don haka a fara shigo da na kan na'urar, a karanta samfotin layi-layi kafin a danna. Ita ake fara sabuntawa kafin fayawol, ba akasin haka ba. Tana magana da rassa ta tashar 541, kuma a Oktoban 2024 aka bayyana ɓarakar CVE-2024-47575 a wannan hanyar, wadda maharan suka riga suka yi amfani da ita. Kada a bar tashar a buɗe ga duk duniya, a taƙaita ta ga adireshin rassa ko a bi ta VPN. Ta cancanci kuɗinta idan na'urori sun haura goma, duka na Fortinet ne, hannaye da yawa na taɓa su, ko masu binciken kuɗi na neman shaidar wane ya canja me. Sabar da za ta zauna a kai kuma tana son wutar da ba ta yankewa, wanda a lissafi yana nufin batir da sola ko janareto.

Wanda kasafinsa bai kai FortiGate ba yana da Squid, manhajar furoksi ta kyauta, a kan Linux irin Debian ko Ubuntu. Ƙa'idojinta duka rubutu ne a squid.conf, tana sauraro a tashar 3128, Ansible na iya cika fayil ɗin ta kai kowane reshe. A gwada da squid -k parse kafin squid -k reconfigure, don kuskuren harafi ɗaya kada ya rufe wa ofis intanet. Jerin shafukan da za a toshe kai za ka nemo, kai za ka riƙa sabuntawa. A sani kuma Netgate ta sanar a 2023 cewa ta daina goyon bayan Squid a fayawol ɗinta na pfSense saboda ɓarakokin tsaro, don haka kada a gina sabon aiki a can. MikroTik da masu sayar da wifi a unguwanni suka saba da ita ta ƙware wajen raba layi da tikiti, amma furoksinta ba ta buɗe HTTPS, yawancin shafuka kuwa yanzu HTTPS ne.

Wannan batun ya shafi kowa. Ba tare da buɗe rufin HTTPS ba, furoksi sunan shafi kawai take gani, ba abin da ke ciki ba. Buɗewar kuma tana buƙatar a sanya takardar shaidar na'urar a kowace kwamfuta, in ba haka ba kowane shafi sai ya yi kukan rashin tsaro. A cire bankuna da shafukan lafiya daga ciki. A toshe fita kai tsaye ta 80 da 443, har da UDP 443 da Chrome ke bi, in ba haka ba duk wanda ya cire saitin furoksi a kwamfutarsa ya wuce abinsa.

Kafin turawa ta farko zuwa reshe mai nisa, a ɗauki kwafin saitin na'urar, a gwada a ta babban ofis inda hannu ke kaiwa, a kuma tura bayan an tashi aiki. FortiGate tana da cfg-save revert: in ka rufe wa kanka ƙofa ba ka tabbatar da canjin da execute cfg save ba, bayan wa'adin da aka sa, wanda asalinsa daƙiƙa 600 ne, sai ta sake kunna kanta ta koma tsohon saiti. A tuna a mayar da shi automatic bayan an gama, domin in an bar shi haka, duk canjin da ba a adana ba zai tafi da ɗaukewar wuta ta gaba. Ƙananan akwatunan nan kuma iyakar zafin da aka gina su a kai digiri 40 ne, ɗakin kwano a Maraɗi cikin Afrilu yana wuce haka. A ware kuɗin fanka ko na'urar sanyaya ɗaki da UPS a cikin kasafin tun farko, tare da kuɗin sabunta lasisi na shekara uku.