Ajin Fiyano Na Asabar: Malam Ya Bar Ni A Rataye

Wata uku ke nan ina zuwa ajin fiyano a unguwarmu. Malamin ya iya koyarwa, ba ya gaggawa. Makon jiya ya buga haɗe-haɗen sauti uku da ake kira C, F, G, sai ya ɗage hannu. Kunnena na jiran ya koma C, shiru! Kamar an kai loma baki an janye. Ya ce wannan rabin sauka ce, tana barin kiɗa a rataye kamar tambaya. Ya sake bugawa, daga G ya zame zuwa wani haɗin sauti mai suna Am maimakon C, wai saukar yaudara. Har na yi dariya.

Sai dai fiyanon ya tsufa, maɓallin F na maƙalewa, in an ɗauke wuta kuma sai zaman jira. Kuɗin dai da sauƙi.