Na'urar tada mota daga nesa: kayan sun yi, mai ɗaurawar ne ya kusa ja mana bala'i

Na'urar dai tana tada mota, wannan babu gardama. Daga cikin ɗaki zan danna rimot, fitilun fakin su ƙifta, inji ya kama, kafin in fito esi ya kore zafin kujeru, muddin na bar shi a kunne lokacin da na kashe motar. Na zaɓi irin wadda motar ke maido wa rimot amsa, ya yi ƙara ya nuna a ɗan allonsa cewa inji ya tashi. Da ɗaya irin sai dai ka danna ka koma leƙe ta taga. Nisan da aka rubuta a kwali kuwa a fili fetal ake samunsa, bango biyu suka shiga tsakani ya ragu sosai. Wannan bai dame ni ba.

Mutumin da ya ɗaura mani ita ne ya sa nake wannan rubutu.

Sai da na yaba masa da farko. Motocin yanzu ba a tada su da haɗa waya biyu. A kan makulli akwai wani ɗan guntu da ƙwaƙwalwar mota ke tantancewa kafin ta yarda inji ya tashi, tsarin da Jamus ta wajabta wa sababbin motoci tun 1998, Kanada kuma a 2007. Shi ya sa ake ƙara wani ɗan akwati da ake loda wa manhajar motarka ta kwamfuta, ya riƙa shaida wa ƙwaƙwalwar cewa makulli na nan. A da sai an sadaukar da makulli guda an ɓoye shi ƙarƙashin dashbod. Ni bai karɓi makullina ba, kuma ya yi amfani da wayoyi masu soket da ake cusawa tsakanin na kamfani ba tare da yanka komai ba. Na tafi ina sa masa albarka.

Ana nan sai fambel ya fara kuka da safe, na kai wa bakanikena. Ya buɗe bonet, ya sunkuya, ya zura hannu yana danna bel ɗin da yatsa don ya ji ko ya saki. Makulli na hannuna, rimot na aljihun wando tare da waya. Na durƙusa in ga inda yake nuna mani, ashe wayar ta danne maɓallin. Na ji wani ƙas-ƙas daga cikin dashbod, fitilu suka ƙifta, sai kawai inji ya yi gurnani ya tashi. Allah ya sa ya riga ya ɗago yana laluben sifana. Ya yi baya har ya bugi ƙeyarsa da bonet, ya dube ni ido jajir ya ce, "Maigida, wa ke cikin motar nan?" Babu kowa. Tsumman da ya ajiye kusa da bel ɗin kuwa tuni inji ya fizge shi ya yi kaca-kaca da shi. Har yanzu in na tuna tsumman nan sai gabana ya faɗi.

Bai kamata hakan ta yiwu ba ko kaɗan. A cikin kwalin akwai wani ɗan maɓalli mai sifirin da ake dasawa a bakin bonet. Idan an ɗaga bonet ya saki, na'urar ta ƙi tada inji, in ma yana aiki ta kashe shi. Na dawo gida na zazzage kwalin, sai ga shi a cikin ledarsa ko buɗewa ba a yi ba, tare da takardar gargaɗin da ake mannawa a ɗakin inji. Wayar maɓallin kuwa mun same ta a naɗe da salatif a bayan sitiyari. Tunda ba a haɗa ta da komai ba, kullum na'urar gani take bonet a rufe yake.

Da na koma wurin mai ɗaurawar ko kunya bai ji ba. Cewa ya yi, "Yallaɓai, ai kowa haka muke yi masa. Abin nan tsatsa yake kamawa, ya hana mota tashi, a dawo mana da ƙorafi." Tsatsar gaskiya ce, ana samu, amma ɗan giris ke maganinta. Abin da ya guje wa shi ne huda ƙarfe da ratsa waya daga cikin mota zuwa ɗakin inji, aikin da bai kai awa guda ba. A ƙarshe ya ɗaura maɓallin ina tsaye a kansa, yana ta ƙunƙuni.

Daga nan ne sauran abubuwan da na haɗiye suka dawo mani. Bai gaya mani cewa in na shiga mota sai na sa makulli na murɗa kafin in taka birki ba, in ba haka ba inji ya mutu nan take. Wannan kariya ce daga ɓarawo, kuma mai kyau ce, amma a littafin na gano. Bai nuna mani yadda ake kulle na'urar gaba ɗaya in za a kai mota gyara ba, alhali an tanadi hakan. Ya saita inji ya yi minti 15 kafin ya kashe kansa, bai tambaye ni ba, ni kuwa biyar sun ishe ni, sauran ƙonar mai ce. Ko jan kunne kan tada mota a rufaffen ɗaki bai yi ba, inda hayaƙin salansa ke kisa ba tare da mutum ya ji wari ba. Shi kansa rimot ɗin mai allo bai cika riƙe caji ba, kuma maɓallinsa ya yi laushi da yawa ga abin da zai iya juya inji. A nan kam har kamfanin na ga laifinsa, don haka taurarin yabo huɗun da na yi niyyar bai wa na'urar sun koma uku.

Mai shirin saye, kafin ka biya ka ɗaga bonet ka danna rimot a gaban mai aikin. Idan inji ya tashi, aiki bai ƙare ba. Idan motarka mai giyar hannu ce kuma, ka tabbata na'urar irin tata ce, wadda ba ta yarda ta tashi sai ka ja hambirki, ka fita ka bar inji na aiki giya a sake, ita ta kashe shi bayan ka rufe ƙofa. Wanda ya tsallake maɓallin bonet don gudun wahala, ba zan ba shi irin wannan motar ya taɓa ba.