Gyaran kafireton tsohuwar Honda Benly a hannun bakanike mai zaman kansa

Honda CD175, wadda ake kuma kira Benly, tana da silinda biyu amma kafireto ɗaya ne na kamfanin Keihin ke ba su mai, saboda haka idan ya toshe, babur ɗin gaba ɗaya ne ke kwantawa. Nawa ya daɗe a ajiye, fetur ya bushe a ciki ya zama danƙo, har ba ya tsayawa a silo, wato injin yana mutuwa da zarar an saki totur.

Bakaniken da na kai wa ya kwance sassan kafireton ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kan faranti, ya jiƙa su a ruwan wanki, sannan ya hura iska mai ƙarfi ta ƙananan ramukan da mai ke bi. Abin da ya fi burge ni shi ne bai soka waya a ramukan ba, domin tagulla ce mai laushi, kuma da zarar rami ya faɗaɗa babur zai riƙa shan mai fiye da ƙima. Ya canza gaskit da allurar da ke tsayar da mai, ya daidaita iska, ya kuma nuna mini tsatsar tanki, ya ce muddin ba a wanke shi ba aikin zai koma baya.

Aikin ya ɗan ja lokaci saboda wahalar samun kayan asali, kuma kuɗinsa ya ɗara na bakin titi. Duk da haka babur yana tashi da bugu ɗaya, kuma yoyon mai ya tsaya.