A Ingila, Motar Lantarki Ta Mai Ƙofar Gida Ce

'Yan uwa na gida suna yawan tambaya ko mutanenmu da ke nan Ingila sun ajiye Prius da Corolla masu haɗa fetur da batir, wato hayibirid, sun koma motar lantarki zalla. Wasu sun koma suna murna, wasu sun koma suna cizon yatsa, mafi yawa kuma suna nan da biro da takarda suna lissafi. Abin da ke jawo wannan rarrabuwar kai shi ne wutar da ake ɗura wa motar, domin a ƙasar nan wuta iri ɗaya farashi uku gare ta.

Yunit dai kun san shi a mitar gida. Fam ɗaya kuma kwabo ɗari ne a kuɗin nan. A 2025, wanda yake da na'urar caji a ƙofar gidansa, ya shiga tsarin kuɗin wuta na dare irin na kamfanin Octopus, yana sayen yunit a wajen kwabo 7, daga sha ɗaya da rabi na dare zuwa biyar da rabi na asuba. Kuɗin wuta na yau da kullum yana wajen kwabo 26. In kuwa mutum ya tsaya a wurin caji mai sauri na bakin babbar hanya, allon na'urar zai nuna masa kwabo 70 da wani abu, wani wurin har sama da 80.

Ku ɗauki mota mai batir na yunit 60, wadda za ta yi mil 200 da 'yan kai idan ba a lokacin sanyi ba. Mai cajin dare a gida zai cika ta a fam 4 da kwabo 20. Wanda ya cika ta a bakin hanya a kan kwabo 79 zai biya fam 47. Corolla hayibirid kuwa za ta ci wannan mil 200 da fetur lita 16 zuwa 17, wajen fam 23 ke nan idan lita tana fam 1 da kwabo 40. Wato mota ɗaya ce, amma a hannun wani ta fi hayibirid araha sau biyar, a hannun wani kuma ta ninka ta tsada.

To wa ke da ƙofar gida? Ai ba mu ba. Yawancin mutanenmu a Landan benen haya suke zaune, a Mancesta da Bamingam kuma irin gidajen nan masu manne da juna a jere, inda ƙofa ke buɗewa kai tsaye a kan hanyar masu tafiya da ƙafa. Mota a bakin titi take kwana, yau a gaban gidanka, gobe a layi na biyu saboda maƙwabci ya riga ka. Ka ce za ka zaro waya ta taga ka shimfiɗa ta a ƙetare hanya, hukumar gunduma ba ta yarda da haka kara zube ba, kuma in wata tsohuwa ta yi tuntuɓe da ita, kai ne a ciki. Akwai cajin da aka maƙala a jikin fitilun titi a wasu unguwanni, amma a hankali yake ba da wuta, ya fi na gida tsada nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa za ka tarar mai motar fetur ya faka a gabansa ya shige gida ya yi barcinsa.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne haraji. Wutar gida harajinta kashi 5 cikin 100 ne, wutar cajin waje kashi 20. Attajiri mai katafaren gida da gareji yana biyan ƙarami, ɗan haya da ke aikin kula da tsofaffi yana biyan babba. Kashin dankali ke nan, a ƙasar da ake ta wa'azin a bar fetur saboda yanayi. An daɗe ana kuka a kan wannan.

Cajin waje ma ba kuɗi kaɗai yake ci ba, har da lokaci da haƙuri. Daga kashi 10 zuwa 80 yana ɗaukar minti 30 zuwa 40 a yawancin motoci, daga nan sai motar da kanta ta rage shan wuta don kare batir, shi ya sa ba a tsayawa jiran kashi 100 a hanya. In batir ya yi sanyi, cajin ma sanyi yake yi, sai dai in motar tana da tsarin ɗumama shi kafin a iso. A watan Janairu, ga hita a kunne, ga gudun mil 70 a awa, tafiyar da motar ke yi tana iya raguwa da kashi 20 zuwa 30, don haka Landan zuwa Mancesta sai an yada zango. Da can kowane kamfani da manhajarsa a waya, mutum ya tsaya cikin ruwan sama yana cike suna da adireshi. Wannan dai an rage shi, tun daga Nuwamban 2024 doka ta tilasta wa masu caji mai sauri su karɓi katin banki. Sai kuma bakin fulogi. Tsohuwar Nissan Leaf tana amfani da CHAdeMO, alhali kusan kowa ya koma CCS, kuma sababbin wuraren caji da yawa ba sa damuwa da CHAdeMO. Wanda arahar Leaf ta ja shi ya fara duba wannan.

Amma gaskiya ɗaya ce, wanda ke da wurin faka mota a harabar gidansa ya huta. Na'urar gida mai kilowat 7 da kuɗin haɗawa tana kaiwa fam 800 zuwa 1,200. Mai haɗawa zai fara duba babban fiyus ɗin gidan, in na amf 60 ne wataƙila a nemi kamfanin layin wuta ya ƙara shi zuwa 80 ko 100. Sai mita ta zamani mai aika lissafi da kanta, domin in babu ita babu farashin dare. Awa shida na dare suna ba da yunit 40 da ɗoriya, wanda ya ishi yawancin mutane kwanaki. Soket ɗin bango ma yana yi, amma kilowat 2.3 kacal yake bayarwa, cika yunit 60 sai ya haura kwana guda, kuma ba a haɗa shi da doguwar waya ta ƙari, zafi take yi ta narke. Mutum ya jona da isha'i, ya kwanta, ya tashi da asuba ya tarar a cike. Tunanin ko za a ɗauke ba ya zuwa zuciyar kowa. Wuta ce ke yi musu yawa da dare har suna karya farashi don a sha, mu kuwa in an kawo sai yaran unguwa sun yi shewa.

Rangwamen da ya ja mutane tun farko yana ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Daga 1 ga Afrilun 2025 motar lantarki ta fara biyan harajin hanya, fam 195 a shekara a lokacin, kamar sauran. A kasafin kuɗin Nuwamban 2025 an sanar cewa daga Afrilun 2028 za ta riƙa biyan kwabo 3 a kowane mil. Su kuwa hayibirid an ba su damar a ci gaba da sayar da sababbi har 2035, don haka babu wata gaggawa. Direban tasin haya a Landan ne lamarinsa ya bambanta: tun Janairun 2023 ba a yi wa mota sabon lasisin wannan aiki sai mai iya tafiya da lantarki zalla, Prius ta gargajiya ba ta shiga. Shi kam dole ya nemi unguwa mai caji kafin ya nemi mota.

Ta fuskar gyara, babu baƙin mai, babu fulogin inji, babu salansa da ɓarayi za su shiga ƙarƙashi su yanke kamar yadda suka addabi masu Prius. Taya ce ke saurin cinyewa saboda nauyi, faifan birki yana tsatsa don ba a cika taka shi ba, ƙaramin batir mai bolt 12 kuma yana mutuwa ya hana motar tashi ko da babban a cike yake. Babban batir yawanci garantinsa shekara 8 ne ko mil 100,000. Mai sayen ta hannu ya nemi takardar gwajin lafiyar batir, ya kuma tambayi kuɗin inshora kafin ya biya kafin alƙalami, don yakan fi na Corolla. A nan ne mutum ke kewar gida. Garejin nan kuɗin awa yake caja, ba ya buɗe abu ya gyara, sai dai ya cire ya sa sabo. Ina ma bakaniken Ƙofar Ruwa a Kano, wanda zai kwance batirin hayibirid a kan tabarma, ya auna ɗaya bayan ɗaya, ya canza wanda ya mutu, ku yi ciniki ku rabu da dariya.

Sai dai halinmu na gida ba ya tafiya da waɗannan motoci. Fitila ta kama a dashbod, sai a ce ƙyale ta. A cire abin daidaita zafin inji a yar, wai ba ƙasar sanyi muke ba. Fankar da ke sanyaya batirin hayibirid tana shaƙar iska ne daga gefen kujerar baya, ƙurar hunturu ta toshe ta, a ɗora kaya a bakinta, batir ya dahu, sannan a ce motar ce ba ta da ƙwari.

Masu cewa a turo musu motar lantarki daga nan, ku yi haƙuri. Sitiyarin Ingila a dama yake, Najeriya ta bar wannan tsari tun 1972, juya shi a motar da komai nata waya ce da kwamfuta kuwa neman fitina ne. Tsohuwar Leaf ba ta da ruwan sanyaya batir, zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri zai tsufar da shi da wuri. Kuɗin wutar a Najeriya ba laifi: a farashin rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawa, na naira 225 kowane yunit da aka sa a Afrilun 2024, yunit 60 naira 13,500 ne, in dai wutar za ta tsaya awa tara da ƙarfinta. Ƙaramin janareta ba ya ɗaukarta. Kuma kafin a yi maganar mota, a kira mai gyaran wuta ya duba wayar nan da ke saukar da wuta cikin ƙasa, domin cajoji da yawa in ba su same ta ba ko kunnuwa ba sa yi, gidajenmu da dama kuwa ba a taɓa binne ta ba.