Kaset ko had disk? Amsa ga Malama ta Gadarif a Sudan

Malama sannu da ƙoƙari. Kin ce kin tarar da kwali uku na kaset a laburaren makarantarku, shirye-shiryen rediyon Omdurman da na BBC Hausa da tsofaffin malamai suka naɗa, har da na bidiyo, wai a bar su haka ko a juye a had disk.

Ni duka biyun na riƙe. Kaset abin da nake so da shi ba ya mutuwa lokaci guda, ko zaren ya tsinke sai ki manna da salatif, ki sa biro ki naɗe, ɗan abin da za ki rasa bai taka kara ya karya ba. Amma zafin nan namu da ƙurar guguwar habub su ne ajalinsa, zaren ya manne, murya ta koma kamar mai magana cikin tulu, kuma duk kunnawar da aka yi wa yara ƙara cinye shi take. Ga rikoda ta yi wuya, ta bidiyo ma tun 2016 aka daina ƙera ta.

Had disk kuwa, awa ɗaya ta MP3 kamar megabait 60 ce, mai terabait ɗaya, wato kamar megabait miliyan ɗaya, zai haɗiye kwalayen nan ko gezau, malamin tarihi ki tura masa a waya ya shiga aji. Sai dai shi faɗuwa ɗaya ce, komai ya tafi. Na taɓa rasa aikin wata huɗu haka, wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba.

To ki juye, amma a had disk biyu, ɗaya ya kwana gidan wani malami. Mun ga yadda gidan rediyon Omdurman, da ke magana tun 1940, ya zauna hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan daga Afrilun 2023 har Maris 2024, duk mai son tarihi zuciyarsa na kan ma'ajiyar shirye-shiryen gidan. Kar ki zubar da kaset ɗin kuma, ki jera su a tsaye nesa da taga, nesa da lasifika saboda maganaɗisun ciki.

Don Allah ki buɗe littafi ki riƙa rubuta sunan shiri da tasha da shekara, lamba ɗaya a jikin kaset da fayil. Wajen juye kaset na murya, kebul da manhajar naɗar sauti ta Audacity sun isa, manhajar kyauta ce, amma kaset mai minti 90 sai kin zauna masa minti 90 cur, shi ya sa ki fara da waɗanda suka fi tsufa.